Ƙwayar seleniyam uku a rana, ga gashi yana zuba: muhawara a zauren 'yan Jos

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin magani a cikinmu ku taimaka min da shawara. Wata huɗu ke nan ina shan wata ƙwaya da aka rubuta Selenium a jikin kwalbarta. Wata 'yar'uwa ce ta kawo min har gida, ta ce tana wanke jiki, tana gyara mahaifa, tana kuma kare mutum daga ciwon kansa. Ta ce in sha ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Ban yi mata musu ba, don ita ma tana sha, kuma na san ba za ta cuce ni da gangan ba.

To jiya na je kitso a Gangare. Mai kitson tana cikin tsefe min kai sai ta tsaya cak, ta ce, "Lafiya kuwa?" Ta miƙo min mataji. Wallahi gashin da ke jikinsa ya kai dunƙulen lemun tsami, kuma ko gefe ɗaya ba ta gama ba. Faratana sun yi fari-fari, da na ɗan wanke kwano sai su ɓare. Maigidana kuma ya yi sau biyu yana tambayata ko tafarnuwa nake ci, alhali rabona da ita tun azumi. Shin ƙwayar ce, ko wani abu ne daban?

Hajiya Mai Kaji:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Amma kada ki manta hunturun bana. Sanyin Jos shi kaɗai yana karya gashi, balle in ba a shafa man kaɗanya.

Mai Kemis:
Hajiya, hunturu yana karya gashi, amma ba ya sa numfashi warin tafarnuwa. Maman 'yan biyu, ki ɗauko kwalbar yanzu, ki duba bayanta, ki faɗa min lambar da ke gaban kalmar Selenium da haruffan da ke bayan lambar. Sannan duk wani abin da kike sha ban da ita, ko na ƙarin jini ne ko na kuzari, ki duba ko akwai wannan kalmar a jerin abin da ke cikinsa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, an rubuta 200 mcg. Akwai wani na mata da ta haɗa min da shi, shi kuma 100 mcg. Sai na bitamin da nake sha tun bayan yaye, ya ce 70 mcg. Ban taɓa lura duka ukun suna da shi ba.

Mai Kemis:
To mu yi lissafi tare. Waɗannan haruffan suna nufin maikrogiram. A raba miligiram ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikrogiram, idonki ba zai ma gan shi ba. Babban mutum yana buƙatar maikrogiram 55 a rana. Mai ciki 60, mai shayarwa 70. Iyakar da hukumomin lafiya na Amurka suka ce kada a wuce ita ce 400 a rana, in an haɗa na abinci da na ƙwaya. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ma ta ga 400 ya yi yawa, a 2023 ta tsayar da tata iyakar a 255.

Ke kina shan 600 daga ƙwaya ta farko, ga 100, ga 70. Jimla 770, kullum, wata huɗu, ban da abin da ke cikin tuwonki da miyarki. Kin ninka buƙatarki sau goma sha huɗu. Abubuwa ukun da kika ambata kuma, zubar gashi da lalacewar farce da warin tafarnuwa, su ne ainihin alamomin da ake karanta mana na seleniyam in ya yi wa jiki yawa. Warin yana zuwa ne don jiki yana ƙoƙarin fitar da rarar ta huhu.

Shawarata: ki dakatar da duka ukun daga yau. Ki zuba su a leda ki kai wa likita ya gani da idonsa. Ban ce lallai ƙwayar ce kaɗai ba, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wata 'yar halitta da ke gaban wuya, su ma suna zubar da gashin mace, shi ya sa nake so a auna ki. Amma ko da me gwaji zai nuna, 770 ba adadin sha ba ne.

Mai Kayan Lafiya:
Salamu alaikum. Ni ina sayar da irin waɗannan kayan, ba zan ɓoye ba, kuma ba ni na sayar mata ba. Uku a rana kuskure ne, wannan na yarda. Amma Malam Mai Kemis, ina tsoron yadda ka yi maganar nan mutane za su tashi da cewa seleniyam guba ne. Ba guba ba ne. Jiki ba ya rayuwa sai da shi. Ku je ku karanta labarin cutar Keshan a ƙasar Sin, yara da mata masu haihuwa suna mutuwa da ciwon zuciya saboda rashinsa. Mu nan wa ya taɓa auna mu ya ce muna da isasshe? Talakan da ke cin tuwon masara safe da dare, nama sai da Sallah ko Kirsimeti, ina zai same shi?

Malamin Kimiyya:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma tarihin sinadarin da kansa haka ya zo. Bari in ɗan koma baya.

A 1817 wani masanin ƙasar Suwidin, Berzelius, yana binciken wani jan laka da ke taruwa a ƙasan tukwanen wata masana'antar asid ɗin farar wuta, irin wanda ake tsarmawa a yi ruwan batir. Da farko ya ɗauka wani sinadari ne da aka riga aka sani, teluriyam, wanda sunansa ke nufin ƙasa. Da ya gane sabon abu ne mai kama da shi, sai ya raɗa masa sunan wata da harshen Girka. Shi ne na 34 a jadawalin sinadarai, yana zaune daidai ƙarƙashin farar wuta, kuma halinsu ɗaya ne a abubuwa da yawa. Wannan kamannin ne ma ke sa shi cutarwa in ya yi yawa: jiki yana ɗaukarsa ya sa a gurbin farar wuta. Gashi da farce da kofato kuwa farar wuta ce ke ɗaure su su yi ƙarfi, to su ne kan fara nunawa.

Shekara 140 duniya ba ta san shi da komai a jiki ba sai guba. Sai a 1957 Klaus Schwarz da abokin aikinsa a Amurka suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana hana hantar ɓeraye lalacewa. A 1973 aka gano dalili: yana cikin wani enzayim, wato wani furotin mai aiki a jiki, da ke share gurɓatattun abubuwan da ke fitowa idan jiki yana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa. Ina gaya wa ɗalibaina su ɗauke shi kamar man da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Yanzu an san furotin iri 25 a jikin ɗan Adam da ba sa ƙeruwa sai da shi.

Labarin Keshan da ɗan'uwa ya kawo gaskiya ne. A 1935 aka fara lura da cutar a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin Sin, inda ƙasar noma ba ta da seleniyam kuma mutane ba sa cin komai sai abin da suka noma a wurin. A shekarun 1970 aka riƙa ba yara ƙwayar seleniyam, cutar ta ragu ƙwarai. Daga baya aka gano har da hannun wata ƙwayar cuta da ke ƙara zafi a jikin da ba shi da seleniyam. To amma a cikin ƙasar Sin ɗin nan dai akwai Enshi, a lardin Hubei. Can kuma kwal ɗin wurin da ƙasar cike suke da shi. A farkon shekarun 1960 mutanen wasu ƙauyuka suna cin kusan maikrogiram 5,000 a rana ta masararsu da kayan lambunsu, gashi da farata suka riƙa zubewa. Ƙasa ɗaya, sinadari ɗaya, wani gari rashi ya kashe, wani gari yawa ya nakasa.

Mai Kayan Lafiya:
Madalla Malam. To mu Keshan muke ko Enshi? Tambayata ke nan.

Anti Ungozoma:
Bari in sa baki, don akwai inda maganar ɗana mai kayan lafiya ta taɓa ni. Shekaruna da yawa a ɗakin haihuwa, kuma akwai abin da har gobe yake tsaya min a rai. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha. Bayan sati uku ko shida sai a dawo da ita ƙafafu sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku, da dare tari ya hana ta barci. A gida ana cewa sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi. Alhali zuciya ce ta saki, ba ta iya tura jini.

Wannan ciwon zuciyar na masu jego, arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka auna jinin irin waɗannan matan a Kano, suka tarar mafi yawansu seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da masu jegon da ke lafiya. Kafin su ma an ga irin haka a Yamai. To ba zan ce babu rashi a cikinmu ba. Akwai, musamman a matan karkara masu haihuwa kusa-kusa, abinci kuma ba wani iri-iri.

Amma ɗana, ka lura da inda aka yi wannan aikin. A asibiti ne, an auna jini, an yi hoton zuciya, likitan zuciya yana bibiya, kuma matan suna kan magungunan zuciyarsu. Ba a ce rashin seleniyam ne kaɗai sanadi ba. Abin da nake tsoro shi ne a ga mai jego tana haki a saya mata kwalba a ajiye ta a ɗaki. Mai jegon da ba ta iya kwanciya saboda numfashi, asibiti za a kai ta a daren, ba da safe ba.

Hajiya Mai Kaji:
Anti, Allah ya saka da alheri. Wallahi mun yi rashin wata maƙwabciya a Bukuru da irin wannan, jaririn ko wata biyu bai yi ba. Sai yanzu nake haɗa abin.

Ni kuma tambayata ta gona ce. Buhun firimis da nake haɗa abincin kaji da shi akwai seleniyam a rubuce, haka ruwan bitamin E da nake sa musu in za a yi rigakafi. Kada a ce ni ma ina zuba musu guba.

Likitan Dabbobi:
Hajiya, in kina bin ma'aunin da ke jikin buhu, ba ki da matsala. Mu a ɓangaren dabbobi mun riga likitocin mutane sanin wannan sinadarin, ta fuska biyun kuwa. 'Yan tsaki in suka rasa shi da bitamin E, ruwa yana taruwa a ƙarƙashin fatarsu, ƙirji da ƙasan fiffike su yi kore-kore. 'Yan raguna da maruƙa kuma suna yin abin da muke kira ciwon farin nama. Za ki ga ɗan rago an haife shi lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafun baya sun sanƙare, yana son tsotso ya kasa miƙewa. In ya mutu aka buɗe cinyar, sai ki ga naman da zane-zane fari kamar an ja alli. In zuciya ta kamu, yana cikin tsalle zai faɗi. Saniya mai rashinsa kuma takan riƙe mabiyiya bayan haihuwa.

Inda nake samun matsala shi ne masu cewa tunda cokali ɗaya ya yi kyau, bari a sa uku. Allurar seleniyam tana cikin abubuwan da nake auna nauyin dabba sau biyu kafin in zuƙa. Mu 'yan Jos mun san darajar dokin folo. A 2009 a jihar Fulorida ta Amurka, dawakin folo 21 na ƙungiya ɗaya suka mutu cikin sa'o'i kafin wasa, don an yi kuskuren ma'auni wajen haɗa musu allurar bitamin, seleniyam ya yi yawa. Tun kafin nan, a shekarun 1930, makiyayan jihar Dakota ta Kudu a Amurka suna ganin dawakai da shanu gashin wutsiya yana zubewa, kofato yana tsagewa har ya fita, aka gano ciyawar wurin ce ke zuƙo shi daga ƙasa.

Duk mai garken da yake ganin irin abin da na faɗa, ga Vom nan kusa da mu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana can tun 1924. A kai gawar ɗan ragon da wuri a duba, ya fi a yi ta canki-canki da allura.

Kuma Hajiya, ga wani abu da zai faranta miki: seleniyam ɗin da kazarki ta ci yana shiga ƙwanta. Ƙwai ɗaya yana da kusan maikrogiram 15.

Mai Kemis:
Likita ka taimake ni da amsar tambayar ɗan'uwana. Ƙwai biyu sun ba ka fiye da rabin buƙatar yini. Kifi yana da shi sosai, ko sadin na gwangwani ne ko busasshe na miya. Hanta, ƙoda, naman kaza, duk suna da shi. Hatsi da wake kuma ya danganta da ƙasar da aka shuka su, don shuka abin da ta tarar take ɗauka, kuma inda ƙasa ke da tsami ba ta iya zuƙarsa sosai ko yana nan. An yi wannan binciken a Malawi da Habasha, aka ga masarar wata gunduma ta sha bamban da ta wata. Mu a gari muna da wata kariya da ba mu lura da ita: kwanonmu ɗaya yana haɗa ƙasashe da yawa. Dankali daga Bokkos, wake daga wata jiha, kifi daga teku, burodi da alkamar waje. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai cin abin gonarsa kaɗai shekara da shekaru.

Ɗan'uwa ka ce wa ya auna mu. To ai wannan hujjar a kanka take komawa. In ba a auna mutum ba, da me ka san yana buƙatar 200 a kan abin da yake ci? Ƙasar Finlan ta gano ƙasarta ba ta da shi. Ba ta ce kowa ya je ya sayi kwalba ba. Daga 1984 ta sa a riƙa haɗa ɗan kaɗan a takin zamani, tana auna hatsi da madara da jinin mutane tana daidaita ma'aunin. Aikin hukuma ne da masana, da awo.

Mai Kayan Lafiya:
Na ji. Amma maganar kansa fa? Wannan ba mu muka ƙirƙira ba, bincike ne ya nuna.

Mai Kemis:
Na san inda aka samo ta, kuma gara in faɗa maka ita cikakkiya. A 1996 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 1,312 da suka taɓa yin kansar fata, an ba rabinsu maikrogiram 200 a rana. Bai hana kansar fatar dawowa ba, amma sai aka ga kamar kansar furostet, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da wasu sun ragu. Duniya ta ɗauka, kamfanoni suka cika kasuwa. Don a tabbatar, a 2001 aka fara wani babban gwaji mai suna SELECT, maza fiye da 35,000. A 2008 aka ce su daina sha, don seleniyam bai hana kansar furostet ba. Da aka ci gaba da bibiya, aka ga waɗanda dama jikinsu ke da isasshe kuma aka ƙara musu, haɗarin mugun nau'in kansar ya ƙaru a cikinsu. Mutanen gwajin farko ma da aka sake duba bayanansu, masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da ciwon sukari.

Abin da ke ɓata min rai shi ne 'yan talla sun tsaya a 1996. Labarin farko suke ta maimaitawa, na biyu ba ya sayar da kaya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ƙullutu a nono ta yi wata biyar tana shan irin waɗannan a gida, kuɗin da ta kashe ya isa gwaji da fara magani. Ranar da ta shigo shagona neman maganin ciwo, ba ta iya ɗaga hannun.

Sannan abin da ke rubuce a kwalba ba kullum ne abin da ke ciki ba. A 2008, a Amurkar da ake ganin akwai sa ido, mutum 201 suka sha guba daga wani ruwan ƙarin lafiya da seleniyam ɗinsa ya ninka abin da aka rubuta kusan sau 200. Zawo, kasala, zubar gashi, farata suna fita. To ina ga kwalbar da ta shigo a jakar wani, babu lambar NAFDAC?

Ba na ƙin sinadarin. A kantata akwai shi. Sabulun wanke kai na amosani irin su Selsun, seleniyam ne da farar wuta a ciki, kuma yana aiki a kan kyasbi in an shafa an bar shi kamar minti goma an wanke. Likitoci suna rubuta ƙwayar na wata shida ga wasu masu ciwon tayirod da idanunsu suka fara fitowa. Maras lafiyar da ake ciyarwa ta jijiya dole a sa masa a ruwan. Kowanne da dalilinsa da ma'auninsa da ranar dainawa.

Anti Ungozoma:
Tunda ka ambaci tayirod. A duk jiki babu inda seleniyam ya taru kamar wannan 'yar halittar ta gaban wuya, don da shi ake juya sinadarin da take fitarwa ya zama mai aiki. Amma masu maƙoƙo kada su ji haka su ruga. Babban dalilin maƙoƙo rashin aidin ne, shi ya sa aka wajabta sa shi a gishiri. A arewacin Kwango an taɓa ba masu tsananin rashin aidin seleniyam shi kaɗai, abin ya ƙara taɓarɓare musu. Sai an fara gyara aidin.

Baba Mai Fotokofi:
'Ya'yana, tun ɗazu nake karantawa ina mamaki. Ashe abin da na yi shekara da shekaru ina riƙewa da hannu ana haɗiyarsa. Ni gyaran injin fotokofi na yi tun ina saurayi, a shagunan da ke kewaye da jami'a. Tsofaffin injuna akwai wani gangan ƙarfe a cikinsu da muke kira duram, an shafe shi da seleniyam, yana sheƙi kamar madubi. Maigidan da ya koya min aiki abu biyu ya fara gargaɗina da su: kada yatsana ya taɓa fuskarsa, kada in bar shi a rana. In za mu cire shi, baƙin ƙyalle muke naɗe shi da shi kamar jariri. Yatsa ɗaya in ya taɓa, duk takardar da ta fito sai ka ga tambarin a jikinta.

Sirrin shi ne, a duhu seleniyam yana riƙe cajin lantarki, haske na taɓa shi sai ya sake. Injin zai caje duram ɗin, ya haska takardarka a kansa. Inda fari ne haske ya dawo, caji ya gudu. Inda rubutu yake caji ya zauna, garin tona ya manne a wurin, a danna shi a sabuwar takarda da zafi. Takardun shaida da yawa da aka yi wa kofi a garin nan a wancan zamanin, ta kan seleniyam suka bi. Na yanzu masu kore ko shuɗin duram wani abu ne daban.

Kuma maganar warin tafarnuwa ta tuna min. Tsofaffin rediyo da cajar batir suna da wani abu mai faranti-faranti a jere da ke juya wuta, shi ma na seleniyam ne. In ya ƙone, warin da yake yi kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, sai an buɗe tagogi an fita waje. Wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. 'Yata Maman 'yan biyu, da na ji kin ce maigidanki yana jin wannan warin a bakinki, gabana ya faɗi. Ki bi maganar Mai Kemis.

Malamin Kimiyya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka yi bayanin fiye da yadda nake yi a aji. Wannan halin nasa wani injiniyan Ingila, Willoughby Smith, ya gano shi a 1873 yana gwajin wayoyin tangarahu na ƙarƙashin teku: ya ga sandunan seleniyam suna barin wuta ta wuce sosai in rana ta haske su. Bayan shekara goma, a 1883, Charles Fritts ya shafa masa siririn zinariya ya yi farantin sola na farko. Kashi ɗaya cikin ɗari kacal na hasken yake juyawa wuta, na kan rufinmu na yau da ake yi da silikon suna kai wajen ashirin, amma daga nan aka faro. Injin Xerox 914 da ya yaɗa fotokofi a ofisoshi ya fito a 1959 da irin duram ɗin da Baba ya riƙe. Yau ma yawancin injunan hoton nono na zamani da ake neman kansa da su, faifan da ke karɓar hoton na seleniyam ne. Ga inda yake yi wa mace aiki a kan ciwon kansa da gaske.

Masu gilashi ma suna amfani da shi da yawa. Yashi yana da ƙarfe a ciki, shi ke sa gilashi ya yi kore. Ɗan seleniyam kaɗan sai ya kashe koren ya fito garau. In aka haɗa shi da wani ƙarfe mai suna kadmiyam kuma ya ba da ja mai kyau, irin na gilashin danjar da.

Ɗan Rafin Kuza:
Malam, mu da muke wankin kuza da kolombait, ana samunsa a ramukanmu? In yana da kasuwa mu sani.

Malamin Kimiyya:
Ba a haƙa rami don seleniyam. A warwatse yake cikin duwatsun wasu ma'adinai, musamman na jan ƙarfe. In ana tace jan ƙarfe da lantarki, wani laka yana taruwa a ƙasan kwatarniyar, daga nan ake ciro shi tare da zinariya da azurfa. Abin da duniya ke samarwa a shekara 'yan dubban tan ne kawai, Sin ce kan gaba. Ka riƙe kuzarka.

Mai Kayan Lafiya:
Malam Mai Kemis, maganar SELECT ban taɓa jin ta ba, a taron da ake koya mana kayan ba a faɗa. Zan nema in karanta da kaina. Har yanzu ina kan cewa akwai masu rashi a cikinmu, Anti ma ta tabbatar, kuma ba kowa ke da kuɗin gwaji ba. Amma akwai mata biyu da na san na ce su sha biyu a rana. Zan kira su yau.

Mai Kemis:
Ka kira su, kuma ka tambaye su me suke sha ban da naka. Ka kuma tambaya ko suna cin gyaɗar Burazil ɗin nan da ake kawowa daga manyan kantunan Abuja, don ƙwara ɗaya tak tana iya kai maikrogiram 70 zuwa 90. Mai cin cikin tafin hannu kullum ya wuce iyaka ko bai sha ƙwaya ba. Kan masu rashi kuma ban musa maka ba. Inda muka rabu shi ne wa zai ce wane ne mai rashin.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na dawo daga asibiti yanzu. Likitar ta juye ledar a tebur, ta karanta kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannuna ta daɗe tana duba faratan. Ta ce in daina duka, ta rubuta min gwajin jini da na tayirod, in koma bayan sati biyu. Ta ce gashi yakan dawo amma sai an yi haƙuri na watanni, farce kuma sai sabo ya tsiro ya ture tsohon.

Abin da ya rage min shi ne 'yar'uwar nan. Ita ma uku take sha, kuma ta riga ni farawa. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Anti, don Allah in na same ta zan haɗa ku a waya, ta fi jin maganar manya.

Anti Ungozoma:
Ki haɗa mu, 'yata. Bayan la'asar ina gida. Ki ce mata ta ajiye kwalaben kusa da ita, zan sa ta karanta min bayansu.